Littafi, waya ko tabulet: abin da ya kamata kwamitin makaranta ya fara saya

Idan kwamitin kula da makaranta a Tahoua ya samu ɗan kuɗi domin kafa ɗakin karatu, ko daga iyayen yara ko daga ƴan gari da ke ci-rani, yawanci zaɓi uku ne ke gabansa: littattafan takarda, wayar salula, ko tabulet. A wurina littattafai ne kan gaba, amma fa ba kowane littafi ba.

Masu bincike daga jami'o'in Amurka, ciki har da Michael Kremer wanda ya samu kyautar Nobel a 2019, sun bi diddigin rabon littattafai a makarantun karkara na Kenya, kuma sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa ɗaliban da dama can suka fi ƙoƙari ne kaɗai suka amfana, domin da Turanci aka rubuta littattafan, alhali yawancin yaran ba su ƙware a harshen ba. Halin da yaronmu na aji ɗaya yake shiga ke nan idan aka miƙa masa shafi cike da Faransanci. Saboda haka a fara da ƙananan littattafan labari na Hausa masu manyan baƙaƙe da hotuna, sannan a biyo da na Faransanci mai sauƙi. Tun 1973 Nijar ta fara gwajin koyarwa da harshen gida a Damagaram, cibiyar INDRAP, mai tsara kayan koyarwa da ke Yamai, ta wallafa littattafai cikin harsunan ƙasa, kuma dandalin intanet na African Storybook yana da labaran Hausa da za a iya bugawa kyauta. A zaɓi littafin da aka ɗinke da zare, domin zafin watan Afrilu yakan sa gam ya saki, shafuka su riƙa zubewa a hannun yara. A ware kuɗin akwatin ƙarfe tun farko, a ɗora shi kan bulo saboda gara.

Waya tana da nata amfani. Binciken da Jenny Aker, wadda take Jami'ar Tufts ta Amurka a lokacin, ta jagoranta a ƙauyukan Dosso da Damagaram ya gano cewa manyan da aka haɗa musu karatun yaƙi da jahilci da koyon aika saƙo a ƙaramar waya sun fi takwarorinsu ci gaba a rubutu da lissafi. To amma manya aka gwada, don haka ajin iyaye mata da hannun malami ta fi dacewa da su. Tabulet kuwa a bar ta sai gaba. Ƙasar Peru ta raba wa yara ɗaruruwan dubban kwamfutoci, amma wani bincike na 2012 bai ga ƙarin komai a karatu da lissafi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Na taɓa tsayawa a kan sayayyar wata makaranta inda dillali ya kawo katon-katon na littattafai masu bango mai sheƙi, da muka buɗe sai ga kwafi ne na injin hoto, tawada ta dushe, wasu shafuka a juye, wasu babu su ɗungum, shi kuwa ya riga ya karɓi rabin kuɗi. Kada a yarda da samfurin da aka nuna a shago. A buɗe kowane katon a gaban mai kaya, a zaro littafi daga ƙasa, a bi lambobin shafuka har ƙarshe, a goga yatsa mai ɗan laima a kan rubutun a ga ko tawada za ta biyo. Haka kuma kayan lantarki: akwai katin ajiya da ke nuna girman da ba shi da shi, akwai tsohon batirin sola da aka sake wa fenti da tambari, akwai tabulet da aka yi amfani da ita aka mayar cikin sabon kwali. Duk dillalin da ya ƙi a gwada kaya, ko ya ƙi rubuta rasit mai ɗauke da suna da adadin kowane abu, a bar masa kayansa. Kuma kada ma'aji ya biya cikon kuɗi sai darakta da wakilin iyaye sun ƙidaya kayan tare sun sa hannu.