Man gansakukar teku ko na kemis: wanne za ki saya wa kurajen fuska?

Da zafin Afrilu ya tsananta a Birnin Kebbi, ƙanwata ta ga tallan wani man shafawa a WhatsApp, wai da ƙananan tsirran teku aka haɗa shi. Har ta kusa tura kuɗi, na ce ta dakata mu auna.

Zancen yana da tushe. Akwai wata gansakukar teku da ido ba ya gani, Phaeodactylum tricornutum, mai samar da wani kitse da ake kira EPA, irin wanda ke cikin man kifi. A ɗakin gwaji an ga kitsen yana hana ƙwayoyin cuta hayayyafa, har da Cutibacterium acnes da ke zaune cikin maiƙon fuska. Amma kashe ƙwayar cuta a faranti daban, warkar da fuskar mutum daban. Ƙurji yana farawa ne daga toshewar ƙofofin gashi da yawan maiƙo. Don haka kwalbar da ba ta faɗi sunan tsiron da adadinsa ba, ba ta kuma da lambar NAFDAC, ƙamshi kawai za ki saya. Kada kuma wata ta je kogin Matan Fada na Argungu ta kwaso gansakuka ta shafa, ba ita ake nufi ba.

Ni da kuɗina, benzoyl peroxide zan fara nema a kemis, mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin 100. Ƙwayar cutar ba ta saba masa. Aibinsa busar da fata, kuma yana koɗar da hijabi da rigar filo. Adapalene, man shafawa mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100, shi ke buɗe toshewar. Da dare ake shafawa, sai an yi haƙurin mako 8 zuwa 12, mai juna biyu kuwa ta nisance shi. Clindamycin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, in shi kaɗai ne, ƙwayar takan saba masa, shi ya sa likitoci ke haɗa shi da benzoyl peroxide.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗan tub ɗin da ake matsawa cikin man bilicin. Ki duba jikinsa: in kin ga clobetasol ko betamethasone, ki ajiye. Kwana kaɗan fuska ta yi sumul, daga baya fata ta yi siriri, kurajen su dawo da 'yan rakiya.

Kurajen ƙanwata ƙanana ne, ta ɗauki benzoyl peroxide mai kashi 5. Da manya ne masu zafi da barin tabo, da Asibitin Sir Yahaya muka nufa.