Flightradar24: manhajar da ta sa na fahimci ɓatan jirgin Maleshiya

Ranar da Hajiyarmu ta tashi zuwa Umara daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ƙanena ne ya saka min Flightradar24 a waya. Ya ce, "Yaya, rubuta lambar jirgin a nan, za ka ga inda suke." Ina rubutawa sai ga ɗan jirgi a kan taswira yana rarrafe ya nufi gabas, ga nisansa daga ƙasa, ga gudunsa, ga lokacin da ake sa ran zai sauka Jidda. Na zauna a kan tabarma a tsakar gida, shayina ya huce ban kurɓa ba.

Can da suka yi nisa cikin sahara, sai layin da ke bin bayan jirgin ya koma ɗigo-ɗigo. Gabana ya yanke ya faɗi. Ƙanena ya ce in kwantar da hankalina. Ashe jirgin ne da kansa yake shelanta inda yake, ta wata na'ura da ake kira turansfonda, su kuma ƙananan na'urori da mutane suka kafa a rufin gidajensu a ƙasashe daban-daban suna kama saƙon su tura wa kamfanin, wanda yake Suwidin. Inda babu mai kamawa, manhajar kintace take yi har jirgin ya sake bayyana.

A nan ne hankalina ya koma kan MH370, jirgin saman Maleshiya da ya ɓace. Shekara da shekaru muna gardamarsa a majalisa. Wani abokina mai sayar da taya har gobe rantsuwa yake yi Amurka ce ta karkatar da jirgin zuwa sansaninta na tsibirin Diego Garcia. Wasu su ce harbo shi aka yi, wasu su ce yana ɓoye a Kazakistan. Hujjarsu ɗaya: wai a wannan zamani ta yaya babban jirgi irin Boeing 777 sukutum zai ɓace?

To ga yadda ya ɓace. Ya tashi daga Kuala Lumpur zuwa Beijin ranar 8 ga Maris 2014 da mutum 239. Da ƙarfe 1:19 na dare aka ji muryar ƙarshe daga ɗakin matuƙa, ana sallama da masu kula da zirga-zirgar jirage. Minti biyu bayan haka turansfonda ta yi shiru, kuma a nan sawunsa ya yanke a Flightradar24. Radar sojojin Maleshiya ce ta ga ya juya yamma, sannan tauraron ɗan'adam na kamfanin sadarwa na Inmarsat ya ci gaba da samun ɗan siginarsa har ƙarfe 8:19 na safe, abin da ya nuna kudancin Tekun Indiya ya nufa. A Yulin 2015 teku ta turo ɓangaren fiffikensa gaɓar tsibirin Reunion, daga baya aka tsinci wasu tarkace a Mozambik da Tanzaniya. Jirgin da ke ajiye a sansanin soja, me zai kai fiffikensa bakin teku? An bincike murabba'in kilomita 120,000 na ƙasan teku ba a ga jirgin ba kafin a dakatar da wannan binciken a Janairun 2017. Duk lokacin da na tuna iyalan mutanen nan, sai in ji jita-jitar da muke yi a kansu ta yi min nauyi, domin ni layi kawai na ga ya koma ɗigo-ɗigo amma sai da na kasa haɗiyar shayi.

Ita manhajar, ta kyauta ta ishe ni, duk da akwai talla a cikinta. Mai son tono tarihin tafiye-tafiyen jirgi na watanni sai ya biya kuɗin tsarin Silver ko Gold na manhajar. Shawarata ga mai rakiyar alhazai ko mai ɗa a karatu waje: ka karɓi lambar jirgin tun kafin a shiga, ka tanadi data da caji, kuma in ka ga ɗigo-ɗigo kada ka ta da hankalin gida.

Da jirgin su Hajiya ya sauka, na ga gudunsa yana raguwa a kan titin filin Jidda har ya tsaya cak. Na leƙa ɗaki na ce wa Baba, "Sun sauka lafiya." Ya ce Alhamdulillahi, ya ci gaba da jan carbinsa.