Robar TheraBand da taurin babban yatsan ƙafar masu rawar bale

Da wuya ka buɗe jakar mai rawar bale (rawar da ake tsayawa kan tsinin yatsun ƙafa) ba ka tarar da robar TheraBand a naɗe kusa da takalmin tsini ba. Shimfiɗaɗɗiyar robar motsa jiki ce mai faɗin kimanin santimita 12, ana sayar da ita a yanke, mita ɗaya da rabi, ko a babban naɗi. Launi ne ke nuna ƙarfinta: rawaya, ja, kore, shuɗi, baƙi, sai ruwan azurfa da ruwan zinare. Bisa jadawalin kamfanin, idan aka ja ta har ta ninka tsawonta, ja tana ba da nauyin kimanin kilo 1.7, kore 2.1, baƙa kuwa 3.3. Mutane da yawa na saye ne don babban yatsan ƙafa ya yi musu tauri, kuma a nan ne ya kamata a yi wa robar adalci: tana ƙarfafa ƙafa sosai, amma ba ta sakin jijiyar da ta riga ta ɗaure.

Tsokar da ke lanƙwasa babban yatsa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da FHL, ba a cikin tafin ƙafa take ba. Tana can cikin sharaɓa, manne da bayan siririn ƙashin ƙwauri. Jijiyarta ce ke gangarowa ta bayan idon sawu na ciki, ta ratsa wani matsattsen kwaroro a bayan ƙashi, ta bi ƙarƙashin tafi, ta wuce tsakanin ƙananan ƙasusuwa biyu da ke gindin yatsan, sannan ta kama ƙashinsa na ƙarshe. Duk lokacin da mai rawa ta lanƙwasa gwiwa ƙasa sannan ta ɗago zuwa tsinin yatsu, jijiyar nan na gogar bakin kwaroron. In gugar ta yi yawa, rigar jijiyar ta kumbura, wani lokaci har ƙulli ya fito, yatsan ya riƙa maƙalewa yana saki da ƙas. William Hamilton, likitan ƙashi na ƙungiyar New York City Ballet, ya yi rubutu kan wannan ciwo a 1982, kuma saboda yawansa a cikin masu rawa ake kiransa ciwon jijiyar 'yan rawa.

Akwai gwaji mai sauƙi kafin a kashe kuɗi. A miƙe ƙafa har ta yi tsini, a ɗaga babban yatsa sama da hannu. Sannan a janyo tafin ya dubi ƙwauri, gwiwa a miƙe, a sake ɗagawa. Idan da farko ya tafi sosai amma karo na biyu ya cije, tsokar ce ta gajarta. Idan duka biyun ya ƙi, matsalar na cikin gaɓar kanta, kuma babu robar da za ta taɓa wannan. Tafiya ta yau da kullum na buƙatar yatsan ya ɗagu kamar digiri 60, amma tsayuwar ɗage ta bale tana neman kusan 90.

Inda robar ta yi fice shi ne koya wa ƙafa yin tsini daki-daki. A zauna a ƙasa, a buɗe faɗinta ya rufe gindin yatsu da yatsun gaba ɗaya. Faɗin nan shi ne abin da ta fi robar igiya da shi, don ba ta zamewa, ba ta yanka fata. A tura idon sawu gaba tukuna yatsu na kallon sama, sannan a miƙa yatsun, sai a dawo a hankali, ana ƙirga huɗu. Sau 10 zuwa 15, zagaye biyu, ya isa. Dawowar ce aikin. Wanda ya bar robar ta fizgo ƙafarsa ya zubar da rabin amfanin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dunƙule yatsu kamar faratan kaza. Da zarar gaɓar ƙarshe ta babban yatsa ta lanƙwashe, doguwar tsokar ce ta karɓe aikin, ƙananan tsokokin tafi suka kwanta, wato an ƙara wa mai kaya kaya. Roba mai ƙarfi ita ke jawo haka, shi ya sa ba mu ba da shawarar baƙa ko shuɗi don aikin yatsu. Ja ta wadatar ga mai farawa, kore ga wadda ta ƙware. Haka kuma idan ana murɗa ƙafa waje da ƙarfi daga idon sawu maimakon daga ƙugu, tafi na faɗawa ciki, jijiyar na ɗaukar nauyin da ba nata ba, kuma robar ba ta gyara wannan ɗabi'a.

Don sakin taurin kansa, ƙaramar ƙwallo ta fi ta amfani: a murza cikin sharaɓa da tafi na minti ɗaya ko biyu, amma kada a danna bayan idon sawu inda jijiyar ke ciwo. A haɗa da ɗaga bakan tafi yatsu na kwance a miƙe, wanda ba ya buƙatar kayan aiki ko ɗaya.

Robar ba ta son zafi, rana, ko mai. Man shafawa na cinye ta, zobe da farce na huda ta, kuma ɗan tsagi a gefe kan zama tsinkewa a tsakiyar ja, don haka a duba ta kafin kowane aiki. Ta asali ruwan itacen roba ce, mai sa wasu ƙaiƙayi da borin jini. Akwai samfurin da babu shi a ciki.

Idan yatsa na maƙalewa, ko bayan idon sawu ya kumbura, ko zafi na sokewa a can baya lokacin tsayuwa kan tsini, a ajiye robar a ga likitan ƙashi ko na gashin ƙashi. Wasu na da ɗan ƙashi na ƙari a bayan idon sawu da ke matsewa a wannan tsayuwar, kuma sai da hoto ake tabbatar da shi.