Hattara da masu tallan tsofaffin tarakta a Facebook, sun fara cinye kuɗin mutane

Assalamu alaikum jama'a, musamman ku masu sha'awar tsofaffin tarakta irina da kuma masu neman ɗan ƙaramin injin da za su riƙa taɓa gona ko lambu da shi. Don Allah ku tsaya ku karanta wannan har ƙarshe kuma ku tura wa 'yan uwa, domin wasu marasa tsoron Allah sun gano cewa mutanenmu na son waɗannan injina, sun mayar da abin hanyar damfara, kuma da zarar damina ta ƙarato sai su ƙara ƙaimi saboda sun san lokacin ne hankalin manomi ke tashi.

Yadda suke yi shi ne za ka ga shafi a Facebook cike da hotunan tarakta masu sheƙi, Massey Ferguson 135 ja da ruwan toka kamar yau aka fito da shi, ƙananan Kubota da Yanmar, har da wasu 'yan mitsi-mitsi masu launin kore da ɗorawa, farashin kuma bai kai rabin abin da ake sayarwa a kasuwa ba. Kana yin magana sai a ce ka dawo WhatsApp, can ne za a fara Alhaji kaza, ranka ya daɗe kaza, a ce maka kayan gwanjon kwastam ne ko kuma suna Kwatano ana jiran a tsallako da su, saura guda biyu kacal kuma wani daga Zariya ya riga ya nuna yana so, in dai da gaske kake ka tura kafin alƙalami a ajiye maka. Ka tura. Bayan kwana biyu a ce kuɗin lodi, a turo maka hoton tirela da lambar wani wai direba ne, shi kuma direban ya kira ka cikin dare murya na rawa ya ce an tsare shi a Mokwa sai an biya kuɗin takarda, in ba haka ba za a sauke kayan. Haka za a yi ta tatsar ka kaɗan-kaɗan har ranar da ka ce ba ka da ko sisi, ranar ce za ka wayi gari an toshe lambarka, shafin ma ya canza suna.

Ba labarin ƙanzon kurege nake ba ku ba. Ƙanin wani abokina da muke zama gareji ɗaya, yaro mai ƙoƙari wallahi, bijimansa biyu na huɗa ya kai kasuwa ya sayar ya tura musu kuɗin, yana murna wai bana ya huta da bin garma a ƙafa. Sai da aka zo maganar Mokwa ɗin nan jikinsa ya ba shi, ya kawo mana wayar ya ce yaya ku duba min. Raina ya ɓaci matuƙa da na ga hotunan, domin duk wanda ya ɗan san harkar nan kallo ɗaya zai yi ya san ba a ƙasar nan aka ɗauke su ba, ba ma a nahiyar nan ba. Taraktan na tsaye a kan ciyawa kore shar wadda aka aske, a bayansa ga wasu taraktoci a jere an goge su tas, ga wani dattijon bature da rigar sanyi a gefe an ɗan yanke shi amma kafaɗarsa ta fito, sannan lambar da ke jikin taraktan baƙa ce mai rubutun azurfa irin ta tsofaffin motocin Ingila. Wannan hoton filin baje koli ne. A can akwai mutane da yawa da wannan ne abin sha'awarsu, mutum ya sayi tsohon tarakta ya kwance shi har noti na ƙarshe, ya yi shekara ko fiye yana gyara, ya yi masa fenti irin na kamfani sannan ya kai shi taro a yi ta kallo ana ɗaukar hoto. Hotunan waɗannan bayin Allah ne ake sacewa a zo a yaudare mu da su.

Kuma ku lura da maganar da suke yi wai 135 sabo dal daga Ingila. An fara ƙera 135 ne a 1964, a masana'antar Banner Lane da ke Coventry aka yi mafi yawansu, tun cikin shekarun 1970 aka daina yin sa a can, ita kanta masana'antar ta daina ƙera tarakta a 2002. To ta ina sabo zai fito? Injin kirki ne ba musu, Perkins mai fiston uku ne a cikinsa, ƙarfinsa wajen doki 45, ga rashin shan mai ga sauƙin gyara, shi ya sa har yau muke bin sa, amma duk na Ingila da ka gani a duniyar nan ya haura shekara arba'in. Sababbin Massey da kuke gani irin su 240 da 375 da 385 yawanci daga Pakistan suke, kamfanin Millat ke yin su da lasisi, kuma ba aibu ba ne, aibun shi ne a sayar maka da shi da sunan na Ingila a ninka maka kuɗi.

Waɗancan 'yan ƙananan kuwa masu kore da ɗorawa, su ne suka fi ba ni haushi saboda ana tallan su wai ƙaramin taraktan talaka ne da zai yi maka huɗa da haro. Na ga hoton John Deere 110 a ciki, na ga Cub Cadet, na ga Wheel Horse. Waɗannan injinan lambu ne na Amurka, Cub Cadet ta fito a farkon shekarun 1960, John Deere 110 a 1963, yawanci injin Kohler mai fiston ɗaya ne a cikinsu mai shan fetur, na farkon doki 7 ne ƙarfinsa. An yi su ne don yanke ciyawar gida da ture ƙanƙara da ɗan kaftun lambun bayan gida, kuma a can masu tara su na ji da su ƙwarai, har kulob-kulob gare su. Ni kaina ina son su, abin sha'awa ne yadda aka ƙera su da ƙarfe mai kauri, amma ko da gaske aka kawo maka shi har ƙofar gida ba zai ja maka rija a eka biyar ta dawa ba, kuma ranar da wani abu ya lalace a cikinsa za ka sha yawo kafin ka samu safaya. Balle ma babu shi, hoto ne kawai.

Wannan kenan. Akwai kuma kashi na biyu wanda a ganina ya ma fi haɗari, domin su waɗannan da gaske akwai taraktan, za ka je ka gan shi ka taɓa shi. Suna bin ƙauyuka da tsofaffin ma'aikatu su sayi gawar inji a kuɗin ƙarfe, Massey ne ko Fiat irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kano ko Steyr ta Bauchi, su wanke shi da gas, su watsa masa fenti har kan tiyo da waya da datti, su manna sabuwar sitika, shi kenan wai an yi masa gyaran gaba ɗaya. Da zarar ka ga fenti ya hau kan roba da kan notin taya da kan maiƙon da ya daskare, to ba a kwance komai ba, rufe ido kawai aka yi. Mai gyaran gaskiya zai nuna maka tsofaffin ringi da biyarin da ya cire, da risit ɗin sababbin da ya saya.

Kada ka yarda a tayar da injin kafin ka iso. Ka ce da sassafe za ka zo, kana zuwa ka ɗora tafin hannunka a kan bulok, wato gangar jikin injin, in ka ji ɗumi to an riga an gasa shi don kada ka ga wahalar da yake sha wajen tashi, ka ce sai gobe ka juya abinka. Injin Perkins mai lafiya a irin yanayinmu kik ɗaya ko biyu ya ishe shi, ba sai an fesa masa komai a hanci ba, ba sai an tura ba. Idan ya tashi ka tsaya ka kalli salansa, ɗan hayaƙin farko ba komai ba ne, amma shuɗin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bakin mai yake ƙonawa, ringi sun tafi. Ka sunkuya ka duba ɗan bututun numfashin da ke saukowa a gefen injin, in yana ta fufur da hayaƙi yana ɗigar mai, to kuɗin sauke inji na jiranka. Ka zaro sandar awon mai ka murza man a tsakanin yatsunka, domin dabarar da suke yi ita ce su ɗura masa man giya mai kauri don allurar mai ta tashi kuma ƙarar ƙarfe ta lafa, za ka ji shi yana danƙo yana warin man giya. In kuwa ka ga man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ne ke shiga, ko gasket ɗin top ya ƙone ko kuma abin ya fi haka muni. Ka buɗe lagireto tun injin na sanyi ka bar shi yana aiki, in ruwan na ta kumfa yana ɓulɓulowa ka san akwai matsala.

Sai bayan taraktan, inda mutane da yawa ba sa dubawa alhali can ne aikin yake. Ka sa a rataya masa garma ko haro, a ɗaga sama, a kashe injin, ka tsaya kana kallo. In ya fara sulalewa ƙasa nan take to haidirolik ɗin ya gaji, kuma a 135 famfon yana can cikin ciki ne, mai ɗaya yake sha da giya, ba aikin minti goma ba ne. Ka taka kuloci ka gwada sandar da ke juya kayan aiki a baya ka ji ko tana shiga ba tare da ƙara ba, ka shiga kowace giya da kanka, ka taka burkin hagu da na dama daban-daban. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu ka riƙa ɗora shi a jikin bulok da gidan kuloci, duk inda ya ƙi kamawa sosai to an yi walda ko tsagewa ce aka shafe da foti aka bi da fenti. Kuma don Allah bakaniken da za ka je da shi ya zama naka ne, kai ka ɗauko shi kai ka biya shi, ba wanda dillali ya ce ga wani oga nan kusa ya san aiki ba, domin sau da yawa da la'adarsa a ciki.

Kayan safaya ma ba su bari ba. Famfon injekta na kamfanin CAV shi suka fi wasa da shi saboda tsadarsa, su samo matacce su wanke da fetur su goge su sa a sabon kwali su ce tura kuɗi a sa maka a mota. Ni dai abin da nake gaya wa kowa, ka cire naka ka tafi da shi a hannu Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, ka gwada da ido, a kai wa mai injin gwajin famfo ya ɗora maka a gabanka, kuma ku yi magana da mai shago a kan in bai yi ba za ka dawo da shi. Araha ba ta ado.

Maganar takardu kuma kada a yi wasa da ita. Akwai ɗan faranti mai lamba a jikin taraktan, akwai wata lambar da aka buga a jikin bulok ɗin injin, ka duba su ka ga ko an kankare ko an sake bugawa, ka sa a rubuta su a takardar ciniki da shaidu, mai sayarwa ya nuna inda ya samo shi. Akwai taraktocin sata a gari, akwai na hukuma da aka sulale da su, ranar da aka zo kamawa kai za a tarar da shi a gida.

Ba na cewa duk mai talla a intanet ɓarawo ne, akwai mutanen kirki da muke ciniki da su shekara da shekaru, kuma za ka gane su domin ba sa gudun a zo a gani, ba sa yi maka gaggawa. Ka ce a kira ka da bidiyo a tsaya kusa da taraktan, a rubuta sunanka a takarda a ɗora a kan bonet, a tayar da shi kana gani. Ɗan damfara nan take zai ce netwok ba kyau ko kuma wai an hana ɗaukar hoto a cikin fot, wato tashar jiragen ruwa. Ka sa hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa zai nuna maka asalin inda aka ɗauko shi. Ka duba sunan da ke kan akawun, in shafin na kamfani ne amma akawun na wani mutum daban ne, gobe kuma a ba ka wani akawun da wani sunan, to ka kama kanka. Katin shaidar aiki da suke turowa da hoton mutum cikin kaki shi ma na sata ne, hukumar kwastam ta sha fitowa tana gargaɗi cewa ba ta yin gwanjo ta Facebook ko WhatsApp, shafinta na gwanjo daban yake kuma ba a tura kuɗi akawun ɗin wani ma'aikaci.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ka yi shiru, kuma kada ka ƙara ko kwabo da sunan ceto na baya. Ka garzaya bankinka a ranar ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka ajiye risit ɗin tiransifa da duk hirarku da saƙon murya da lambobin da suka kira ka, ka kai rahoto wajen 'yan sanda ko EFCC, sannan ka kai ƙarar shafin a Facebook. Mun yi wa yaron nan duk wannan, har yanzu dai kuɗin ba su dawo ba, bana hayar shanu zai yi ya noma gonarsa. Ban sa sunan shafin ba saboda sun riga sun canza shi, amma hotunan da salon maganar duk iri ɗaya ne, jiya ma an turo min wani sabo da hoton 135 ɗin nan mai baƙar lamba, wannan karon wai yana Legas.