Shagon kifin ruwan gishiri a arewacin Jidda: ya iya haɗa kifi, amma yana sakaci da kaguwa da dodon koɗi

Shagunan kifin ado suna da yawa a Jidda, amma kaɗan ne daga cikinsu ke tambayar mai saye abin da ke cikin tankinsa kafin a saka masa kifi a leda. Wannan shago da ke arewacin birnin yana tambaya, kuma tambayoyin ba na jeka-na-yi-ka ba ne. Mai shagon yakan so ya ji lita nawa tankin ke ci, tun yaushe aka haɗa shi, waɗanne kifaye suka riga suka zauna a ciki, sannan ko akwai murjani da jatan lande. Idan amsar ba ta gamsar da shi ba, yakan ƙi sayarwa ko da mutum ya riga ya fito da kuɗinsa.

Kifin da ya fi jawo masa gardama da masu saye shi ne sohal, ɗan Bahar Maliya mai zane-zane a jiki, wanda ake kawowa yana ƙarami yana ɗaukar ido. Sohal yakan kai santimita 40, kuma da zarar ya girma ba ya yarda wani kifi mai kama da shi ya sakata ya wala, saboda haka tanki mai lita 300 irin nawa ba wurinsa ba ne. Abin da mai shagon ya tsara mini ya fi dacewa da girman wurin: fridmani guda ɗaya, ƙaramin kifi mai launin shunayya da asalinsa Bahar Maliya ne, da gobi, ƙaramin kifi mai zama a kan yashin ƙasa, tare da jatan landen da ke haƙa musu rami su zauna tare, sai kifin Amphiprion, wanda aka fi sani da clownfish, guda biyu, babba da ƙarami. Dalilin bambanta girmansu shi ne, a wannan jinsi wanda ya fi girma ne ke rikiɗewa ya zama mace, kuma idan aka haɗa mata biyu faɗa ba ya ƙarewa. Ya kuma nace a fara saka masu sanyin hali, a bar mai zafin rai zuwa ƙarshe, domin wanda ya riga shiga shi ke ɗaukar duwatsun a matsayin gidansa.

Wani abin yabo shi ne yadda aka raba ruwan shagon gida biyu. Tankunan kifi daban suke da na murjani da jatan lande, domin maganin da ake yi wa kifi na cutar fararen ɗigo yana ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, wanda kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe duk wata halitta marar ƙashin baya. Ma'aikatan sukan gargaɗi mai saye kada ya juye ruwan leda cikin tankinsa, su kuma ba shi shawarar killace sabon kifi na makonni a wani ƙaramin tanki. Gishirin sashen murjani suna riƙe shi a kan 1.025 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, zafin ruwa kuma kusa da digiri 25 na Celsius, abin da a zafin Jidda yake da wuya a samu ba tare da na'urar sanyaya ruwa ba.

Inda shagon ya gaza shi ne wajen ƙananan halittun da ake saya don su cinye gansakuka. Ana sayar da su ne a ƙunshi guda, an cakuɗa dodon koɗi da kaguwar nan mai zama cikin kwanson da ba nata ba, kuma ba a haɗa wa mutum da kwanson da babu kowa a ciki. Wannan kaguwa tana girma, tana buƙatar gida mafi faɗi, kuma idan ba ta samu ba sai ta kashe dodon koɗin ta gaje kwansonsa. Yawancin dodon koɗin da ke cikin ƙunshin ma Astraea ne, wanda idan ya faɗo ya kife a kan yashi da ƙyar yake iya juyawa, alhali Trochus, wani irin dodon koɗin, yana juya kansa, kuma yana nan a shagon ga wanda ya san ya tambaya. Adadin da suke lissafa wa kowace lita ya yi yawa a ganina, domin idan gansakukar ta ƙare yunwa ce za ta rage su.

Takardun da aka manna a jikin tankuna ma suna buƙatar gyara. An rubuta cewa ƙananan kifayen Centropyge ba sa taɓa murjani, alhali sanannen abu ne cewa wasunsu sukan riƙa tsinkar sa, kuma babu mai iya faɗin halin wanda ya saya sai ya kai shi gida. Anemoni kuwa, wata halittar teku mai kama da fure wadda take harbi, idan mai shagon ba ya nan, yaransa sukan sayar wa duk wanda ya nuna da yatsa, ba tare da sun ambaci cewa yana buƙatar haske mai ƙarfi da tankin da ya yi watanni shida ko fiye ba, ko cewa yakan yi yawo ya ƙone murjanin da ya ci karo da shi.

Farashin kifi a nan ya ɗan fi na wasu shagunan, amma ana ciyar da kifin a gaban mai saye, kuma wanda ya ƙi cin abinci ba a sayar da shi ranar. Wanda zai je ya bari sai lokacin da mai shagon yake nan da kansa, ya riƙe hoton tankinsa da jerin abin da ke ciki, kuma ya roƙi a warware masa ƙunshin nan ya zaɓi Trochus ɗaya bayan ɗaya, tare da kwansuna masu girma dabam-dabam idan har zai ɗauki kaguwa.