WIPO Lex: rumbun dokokin da na jingina da shi kafin jarabawar ƙarshe

Saura mako uku mu shiga jarabawar ƙarshe ta dokar haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasa da ƙasa na gano cewa handawut ɗin da nake ta haddacewa tun farkon zango ya tsufa. A wani shagon fotokwafi na bakin ƙofar makaranta na saye shi, irin wanda ɗalibai ke gada shekara bayan shekara. A cikinsa dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ce har yanzu ke aiki a Najeriya, alhali tun watan Maris na 2023 aka sa hannu a kan sabuwa, dokar 2022, wadda ta soke waccan. Daren nan ko abinci ban iya ci ba. Ƙawata da muke karatu tare ce ta dube ni ta ce, "Ke 'yar'uwa, kwantar da hankalinki, shiga WIPO Lex ki ɗauko dokar daga tushe."

WIPO Lex rumbu ne na intanet mallakar hukumar WIPO, reshen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha. Kyauta ne, ba rajista, ba biyan ko kwabo, data kawai za ka tanada. Akwai dokokin ƙasashe a ciki, akwai yarjejeniyoyi, kuma shafin yana buɗewa da harsuna shida, ciki har da Turanci, Faransanci da Larabci. Na zaɓi Najeriya, sai ga sabuwar dokar haƙƙin mallaka, ga dokar alamun kasuwanci ta 1965, ga ta haƙƙin ƙirƙira da zane ta 1970. Na sauke su a waya, washegari na buga waɗanda nake bukata a takarda.

Amma abin da ya fi yi mini amfani shi ne ɓangaren yarjejeniyoyi, musamman jerin da ke nuna wace ƙasa ta shiga wace yarjejeniya, kuma yaushe. Wanda bai zauna wannan jarabawa ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Malaminmu ba ya cewa ka kawo ma'anar kaza. Labari yake shirya maka: ga wani a ƙasa kaza ya ƙirƙiro abu, ga wani ya kwaikwaya a ƙasa kaza, wace kariya ta rage masa? Idan ba ka san ko ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniya ɗaya ba, duk haddarka ta tashi a banza. A nan na tabbatar da cewa Najeriya ta shiga yarjejeniyar Paris ta 1883, mai kare ƙirƙira da alamun kasuwanci, a 1963, amma ta Berne ta 1886, mai kare haƙƙin marubuta da masu fasaha, sai a 1993, wato shekara talatin tsakani. PCT kuwa, yarjejeniyar neman haƙƙin ƙirƙira a ƙasashe da dama da takarda ɗaya, sai 2005. Na rubuta waɗannan a ƙaramar takarda na manna a bangon gadona.

Akwai wata tambayar gwaji da muka shirya wa kanmu wadda har yau nake jin daɗinta, domin ta shafi mutanen da na sani. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yana da tambarin atamfa da ya yi wa rajista a Najeriya, yana kuma kai kaya Maraɗi da Damagaram. Wani ɗan ajinmu nan take ya ce ai sai ya bi tsarin Madrid na rajistar tambari a ƙasashe da dama, ya cike takarda ɗaya ya huta. Muka buɗe jerin ƙasashen tsarin Madrid, babu Najeriya a ciki. Rajistar Najeriya kuwa a iyakar Najeriya take tsayawa. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, kuma rajista ɗaya a can tana aiki a ƙasashe 17, har da Kamaru da Chadi. To ɗan kasuwarmu OAPI zai nufa, kuma idan ya yi hakan cikin wata shida daga ranar da ya shigar da takardarsa a gida, sashe na 4 na yarjejeniyar Paris ya ba shi damar a lissafa masa waccan ranar ta farko. Da ƙirƙira ce, wata 12 yake da shi. Na sha ruɗa shida da sha biyun nan, sai da na karanta sashen da idona sannan ya zauna mini.

Haka na yi da TRIPS ta 1994, yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan haƙƙin mallakar fasaha. Sashe na 3 kan yi wa baƙo abin da ka yi wa ɗan ƙasa, sashe na 4 kan cewa rangwamen da ka yi wa 'yan wata ƙasa ya shafi kowa, sashe na 33 kan shekara 20 na haƙƙin ƙirƙira daga ranar shigar da takarda. Na daɗe a kan sashe na 31, wanda ya ba gwamnati damar ba da lasisin dole, wato izinin amfani da ƙirƙira ba da yardar mai ita ba, domin batun magani ne, kuma na taɓa ganin yadda tsadar magani ke karya gida. Sanarwar Doha ta 2001 da sashe na 31bis da ya fara aiki a 2017, dukansu kan samun magani, na karanta su ne da zuciyata gaba ɗaya.

Sai dai kada kowa ya shiga da tunanin zai sami malami a ciki. Rumbu ne, nassi yake ba ka, ba ya yi maka sharhi. Zai nuna maka matakai uku na gwada halaccin keɓancewa, wato inda doka ta yarda a kwafi aiki ba tare da izinin mai shi ba, a sashe na 9(2) na Berne, amma yadda za ka ɗora su a kan labarin jarabawa sai littafi da tattaunawa. Zai kuma nuna maka cewa Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, mai sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, tun 2017, amma kai ne za ka tuna sashe na 12 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Malam ya sha nanata mana wannan, kuma shi ya sa dokar 2022, wadda ta shigar da tanadin Marrakesh cikin dokar gida, ke da muhimmanci. Shawarata, a sauke duk abin da ake so tun da wuri, lokacin da akwai caji da data, a yi karatun a kwamfuta idan da hali, domin dogayen sassa suna gajiyar da ido a waya.

Ranar jarabawa tambaya ta biyu a kan tsawon kariyar littafi ta fito. Na rubuta cewa Berne ta sa mafi ƙaranci rayuwar marubuci da ƙarin shekara 50, Najeriya kuma ta ba da 70, na ambaci dokar 2022 da sunanta. Da muka fito, na miƙa wa wata ƙanwarmu da ke aji huɗu takardun da na buga, na ce ta duba shafin da kanta kafin ta fara hadda, ko an sake wani abu.