Bitcoin, USDT da eNaira: Wanne Ne Ya Kuɓuce wa Gwamnati da Banki?

Ɗan'uwa, tambayar da ka ajiye a zauren nan jiya ita ce: shin kuɗin intanet zai iya tsayawa da ƙafarsa, ya yi nasara ba tare da gwamnati ko banki sun sa masa linzami ba? Wasu sun ce maka tuni ya yi nasara, wasu sun ce kuɗin gizo ne. Abin da ya sa maganar ta ƙi daidaituwa shi ne ana cakuɗa abubuwa uku da asalinsu ba ɗaya ba. Bari in jera maka su gefe da gefe: Bitcoin, USDT da eNaira.

Mu fara da tambayar wa ke riƙe da makulli. eNaira, wadda shugaba Buhari ya ƙaddamar ranar 25 ga Oktoban 2021, naira ce kawai a sabuwar riga. Babban Bankin Najeriya ke buga ta, shi ke riƙe da littafin da ake rubuta duk cinikin da aka yi da ita, yana iya ganin shige da ficenta. Ba ta ma shiga tambayarka ba, na kawo ta ne don a sami abin gwadawa. USDT kuwa ta kamfanin Tether ce, wanda ya fito da ita a 2014 da alƙawarin cewa duk ƙwaya ɗaya akwai dala ɗaya a ajiye a bayanta. Bitcoin ce kaɗai ba ta da uban gida. Wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da tsarinta a ƙarshen 2008, ta fara aiki a Janairun 2009, shi kuma ya ɓace daga baya. Littafinta yana bisa dubban kwamfutoci a ƙasashe daban-daban, kusan kowane minti 10 ana ƙara masa shafi, kuma ƙwayoyinta ba za su taɓa wuce miliyan 21 ba. Babu ofishin da za a je a garƙame, babu shugaban da za a kama a ce ya kashe ta.

A wannan fagen Bitcoin ta ci gari, kuma ban ga dalilin musu ba. Kafin ita an yi Liberty Reserve, wani kuɗin intanet da hukumomin Amurka suka rufe a 2013 cikin rana guda, saboda yana da masu shi da za a iya damƙewa. Ita kuwa Bitcoin, Sin ta haramta haƙar ta, wato aikin kwamfutocin da ke tabbatar da ciniki su sami sababbin ƙwayoyi a matsayin lada, a 2021, alhali kaso mafi tsoka na injinan haƙa a can suke. Masu injina suka kwashe kayansu zuwa Amurka da Kazakistan, cikin 'yan watanni aiki ya koma yadda yake. Mu ma nan gani ya kori ji. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya umarci bankuna su rufe asusun masu hulɗa da kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin da USDT. Cinikin bai mutu ba, sai ya koma P2P, wato mutum da mutum.

To amma a nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau, don a nan akasarin matasanmu ke yin tuntuɓe. Na zauna a shagon wani abokina mai kawo kayan waya daga Guangzhou ta ƙasar Sin, na ga yadda ake P2P ɗin. Ya buɗe manhaja, ya zaɓi mai sayar da USDT, manhajar ta riƙe ƙwayoyin a tsakiya. Daga nan ya fita, ya shiga manhajar bankinsa, ya tura naira zuwa asusun mutumin. Muka zauna muna jira. Sai da mutumin ya ga alat sannan ya saki kayan. Har mai sayarwar ya gargaɗi abokina a rubuce kada ya sa wata kalma mai alaƙa da kirifto a wurin bayanin tiransifa, don gudun kada banki ya toshe asusun. Ka ga ke nan rabin cinikin da ake cewa ba ruwansa da banki, ta cikin banki ya bi, da BVN da komai. An gudu ba a tsira ba.

Gwamnati kuma ta gane inda ƙofar take. A Disambar 2023 Babban Banki ya sassauta haramcin, amma da naira ta yi ta faɗuwa, daga wajen 460 a kan dala a farashin hukuma kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, sai aka zargi Binance, babban kamfanin saye da sayar da kirifto, da hannu wajen murɗe farashin canji. A Fabrairun 2024 aka tsare jami'anta biyu a Abuja, ɗaya ya tsere, ɗayan, Tigran Gambaryan, sai Oktoba aka sake shi. A watan Maris kamfanin ya rufe duk wata hulɗa da naira. Ba a taɓa Bitcoin kanta ba, ba a ma iya ba. Mashigar kawai aka tare. A 2025 kuma shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya.

Sai maganar daraja, wadda ita ce ta fi damun ɗan kasuwa. A Nuwambar 2021 Bitcoin ɗaya ta kai kusan dala 69,000. Shekara guda bayan nan ta dawo wajen 16,000. A Disambar 2024 ta haura 100,000. Wanda ya sayi kaya bashi a Kantin Kwari zai biya bayan wata uku, ta yaya zai ƙulla alƙawari da abin da ke wannan hawa da sauka? Shi ya sa abokin nan nawa bai taɓa biyan mai kayansa da Bitcoin ba, USDT yake turawa, don dala ɗaya yau dala ɗaya ce gobe. Sai dai wannan kwanciyar hankalin aro ce. Mafi yawan ajiyar Tether takardun bashin gwamnatin Amurka ne. Kamfanin yana da ikon daskarar da kuɗin kowane walat, wato jakar intanet da ake ajiye ƙwayoyin, kuma ya sha yin haka idan hukumomin tsaro suka nema. A 2021 ma wata hukumar Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 41 kan bayanan da ya bayar game da ajiyarsa. Wato mai USDT ya bar hannun Abuja ne ya shiga hannun Washington da wani kamfani. An yi ƙoƙarin ƙirƙiro wanda zai tsaya a kan dala ba tare da ajiyar banki ba, TerraUSD, ya rushe cikin 'yan kwanaki a Mayun 2022.

Ita eNaira, mai cikakken goyon bayan hukuma, ba ta tsinana komai ba. Wani bincike na asusun ba da lamuni na duniya, IMF, a 2023 ya nuna fiye da kashi 98 cikin 100 na walat ɗinta ba a taɓa su ko sau ɗaya a mako. Ko a lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da muke kwana a layin ATM, mai kayan miyan unguwarmu lambar asusu ya rubuta a jikin kwali ya jingine da kwandon tumatir. Bai nemi eNaira ba, bai nemi Bitcoin ba. Haka aka gani a El Salvador, inda shugaba Bukele ya mai da Bitcoin kuɗin ƙasa, tare da dalar Amurka da suke amfani da ita, a Satumbar 2021, har da kyautar dala 30 ga wanda ya sauke manhajar Chivo, walat ɗin gwamnati. Jama'a da yawa suka karɓi kyautar suka koma wa dalarsu, kuma a farkon 2025 aka janye tilascin karɓar ta bayan yarjejeniyar bashi da IMF. Ashe hatimin gwamnati shi kaɗai ba ya sa mutane su rungumi kuɗi.

Wannan duk ba baƙon abu ba ne gare mu. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna ciniki a Kurmi da wuri, wanda asalinsa daga tsibiran Maldives yake, babu sarkin da ya ƙera shi, babu bankin da ya tsaya masa. Yarda ce kawai ta riƙe shi. Abin da ya karya shi biyu ne: Turawa 'yan kasuwa suka yi ta jibgo shi har ya yi araha, sannan 'yan mulkin mallaka suka ce da sulallansu za a biya haraji. Satoshi ya toshe ƙofa ta farko da iyakar miliyan 21. Ta biyun tana nan a buɗe. Muddin da naira ake biyan albashi, haraji, kuɗin makaranta da kuɗin haya, da naira mutane za su riƙa lissafi.

Don haka amsata gare ka kashi biyu ce. Idan nasara ita ce a kasa kashe kuɗin intanet, kuma mutum ya iya ajiye dukiya ko ya tura ta ƙetare ba tare da neman izini ba, Bitcoin ta yi, ita kaɗai cikin ukun. Idan kuwa nasara ita ce ya zama kuɗin cefane da biyan bashi, da sauran rina a kaba, kuma duk matakin da ya ɗauka zuwa can yana ƙara kusantar da shi ga hukuma ne. Ka lura, babban tashin farashin 2024 ya biyo bayan amincewar da hukumar hannun jari ta Amurka ta yi a Janairu cewa manyan kamfanoni irin su BlackRock su sayar wa jama'a hannun jarin Bitcoin.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ban ga kowa ya taɓo ba a amsoshin jiya. Malamai sun saɓa kan halaccin kirifto, wannan fagensu ne, amma maganar gado ta shafi kowa. Idan ka bar ƙwayoyinka a hannun kamfani, ka koma banki ne da wani suna, kuma waɗanda suka ajiye a kamfanin cinikin kirifto na FTX sun ɗanɗana kuɗarsu da ya durƙushe a Nuwambar 2022. Idan ka riƙe da kanka, dukiyar gaba ɗaya tana rataye ne a kan kalmomi 12 da walat ya ba ka ranar da ka buɗe shi. Mai asusun banki in ya rasu, magada za su je da takardar kotu a fitar musu da haƙƙinsu. Mai Bitcoin in ya tafi da kalmominsa a ka, babu alƙali, babu manaja, babu wanda zai iya buɗewa, marayu suna ganin adadin a allo ba su da hanyar taɓa shi. Abokin nan nawa ya rubuta nasa a takarda biyu, ɗaya tana cikin akwatin takardun gidansa, ɗaya kuma a hannun yayansa cikin ambulan da aka liƙe.